Wa ya ce sai mun yi fari hotonmu zai yi kyau?

Duk wanda ya leƙa Facebook da TikTok, ko ya bi sitatus ɗin WhatsApp a makon Sallar da ta wuce, zai iya rantsuwa cewa babu sauran baƙin mutum a masarautar Kazaure. Daga Gwiwa zuwa Roni, daga 'Yankwashi har ka tsallaka wajen maƙwabtanmu na Babura, kowa ya koma fari sol, fuska sumul kamar ƙwai, babu ƙurji, babu tabo, babu ko alamar gumi. Yaron da kuka yi kiwo tare a Buntusu, wanda ka san shi kamar yunwar cikinka, sai ka ci karo da hotonsa ka tsaya kana tambayar kanka: wannan kuma wane Balaraben ne?

Kada wani ya ɗauka yaƙi nake da gyaran hoto. Sana'a ce, kuma cikin darussan da ake koya mana a sashen koyon aikin jarida yana daga cikin waɗanda na fi so. Matasa da yawa a yankinmu da ita suke sayen data, wasu ma da ita suke biyan kuɗin makaranta: katin gayyatar ɗaurin aure, sitikar biki, kalandar sauka, fastar ɗan takarar kansila, tallar mai sayar da turaren wuta. Abin da nake cewa shi ne, mun ɗauki danna filta a matsayin iya gyaran hoto, alhali abu biyu ne mabambanta. Kuma da yake dannawar kawai muka iya, sai ya zama gyara ɗaya tak muka sani, wato a wanke mutum ya yi fari.

Bari mu fara da abin da filta take, domin da yawa daga cikinmu muna amfani da ita kullum ba mu taɓa tambaya ba. Hoton da ke cikin wayarka tarin ƙananan ɗigogi ne da ake kira fikzel, miliyoyinsu. Kowane ɗigo lambobi uku ne ke riƙe da shi: na ja, na kore da na shuɗi, kuma a hoton da muka saba ɗauka kowace lamba tana tsakanin 0 zuwa 255. Idan duka ukun suka zama 0, baƙi wuluk ke nan. Idan duka suka kai 255, fari tas. Filta ba komai ba ce illa lissafin da wani ya riga ya rubuta ya ajiye: a ƙara kaza a nan, a rage kaza a can, a murje wannan ɗigo da na kusa da shi. Kamar tela ne ya yanka riga da awon wani, ya ce kowa ya zo ya saka. Ba ta san ranar ƙarfe ɗaya ta Gwiwa ba, ba ta san hazon hunturu da ke mayar da komai ruwan toka ba, ballantana ta san cewa farar shadda ka saka ranar Idi.

Wannan maganar farar shaddar ita ce ma tushen matsalar da yawancinmu ke fama da ita. Kyamarar waya tana auna hasken da ke gabanta ne ta yi tsaka-tsaki. To ga ka cikin farar shadda, rana tana dukanka, bayanka kuma bango ne mai haske. Sai kyamara ta ga haske ya yi yawa, ta rage shi, fuskarka ta nutse cikin duhu. Kai kuma da ka duba sai ka ce, kai, wallahi wayar nan ta baƙanta ni, sai ka garzaya wajen filta ta haskaka hoton gaba ɗaya. Sakamakon shi ne shaddar ta ƙone, aikin da mai ɗinki ya kwana yana yi a wuyanta ya ɓace, fuskar kuma ta koma launin da ba na kowa ba, wani abu tsakanin toka da madara. Alhali maganin bai fi ka matsa ƙarƙashin inuwar darbejiya ba, ka fuskanci inda haske ke shigowa, mai ɗaukar ya taɓa fuskarka a kan allon wayar kafin ya danna. Idan kuma an riga an ɗauka, sai a ɗaga duhun da ke fuskar shi kaɗai, a bar sauran hoton yadda yake. Launin mutum bai canja ba, haskensa kawai aka dawo masa da shi.

Yana da kyau mu san cewa wannan rashin jituwa tsakanin kyamara da baƙar fata ya girme mu duka. A shekarun 1950, kamfanin Kodak na Amurka yana raba wa masu wanke hoto wani kati mai ɗauke da hoton wata Baturiya, da shi ake daidaita launi a injin wanki. Ana kiransa katin Shirley. Ma'ana, fatar Bature ce ma'auni, sauran jama'a kuma duk yadda ta kaya. Wata malamar jami'a a Kanada, Lorna Roth, ta bi diddigin labarin a wani bincike da ta wallafa a 2009, inda ta nuna cewa cikin waɗanda suka matsa wa kamfanin ya gyara fim ɗinsa har da masu sayar da kayan katako da masu yin cakulan, waɗanda suka koka cewa hoto ba ya bambance musu launin ruwan ƙasa mai duhu da mai haske a tallace-tallacensu. Ku duba fa, sai da kujera da cakulan suka yi ƙorafi. A 2017 kuma manhajar FaceApp ta fito da wata filta da ta ce tana ƙara wa mutum kyau, ashe abin da take yi wa baƙaƙe shi ne ta haskaka musu fata. Da surutu ya yi yawa, shugaban kamfanin ya fito ya ba da haƙuri, ya ɗora laifin a kan irin hotunan da aka horar da manhajar da su.

Daga baya wasu kamfanonin sun gane akwai kasuwa a wajenmu. Transsion na China, mai yin Tecno da Infinix da itel ɗin da ke hannun kusan kowannenmu, yana daga cikin dabarun da ya mamaye kasuwar Afirka da su cewa ya saita kyamarorinsa don su riƙa fito da baƙar fata da kyau. Google ma a 2021 ya fito da irin nasa tsarin a wayar Pixel 6. Wato injiniyoyi a wata duniyar suna kashe kuɗi da shekaru don launinmu ya fito yadda Allah ya yi shi, mu kuma muna sa babban yatsa muna goge shi cikin daƙiƙa biyu.

Wani zai ce ai wasa ne, hoto ne kawai. Da ma a ce a hoton abin yake tsayawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa kawo ƙiyasin cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna amfani da man sauya launin fata, kuma a 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan, saboda sinadaran da ake zubawa a mayukan da ke iya lalata fata da taɓa ƙoda. Ba filta ce ta kawo bilicin ba, ya riga ta zuwa da shekaru masu yawa. Amma ka yi tunanin yarinya 'yar shekara 16 da take kallon kanta fara tas a waya safe da yamma, jama'a suna ta zuba mata "masha Allah" da zukata a ƙarƙashin hoton, sannan ta ajiye wayar ta kalli madubi. Wace fuska za ta ɗauka a matsayin tata, wacce kuma za ta ɗauka a matsayin wadda ke buƙatar gyara? Mai shagon kayan shafa na nan yana jiranta da amsa. Kuma mu maza kada mu zare hannunmu mu ce matsalar mata ce. Mu ne masu cewa "fara ko mayya ce", mu ne kuma yanzu muke turo wa masu gyara hotunanmu muna cewa, malam, a ɗan haska ni.

Na san hujjar da masu sana'ar ke kawowa, kuma ba hujjar banza ba ce. Za su ce kwastoma ne ya nema, idan ban yi ba zai kai wa wani, kuɗin aikin ma duka nawa yake da zan tsaya wa'azi? Gaskiya ne, wanda ke neman na abinci ba a cika masa kunne da falsafa. Amma mu tsaya mu duba me kwastoman ke nema a zahiri. Amaryar da ta ce a haska ta, galibi abin da take gudu shi ne ta fito a duhu, a rasa gane kwalliyarta, a rasa gane lallenta. Ba ta san akwai wata hanyar ba, saboda ba a taɓa nuna mata ba. Ka yi mata guda biyu: ɗaya wankakke irin na kowa, ɗaya kuma da ka ɗaga hasken fuskarta, ka daidaita launin fatarta ya fito da ɗuminsa, ka bar leshinta da duwatsunsa suna ƙyalli. Ka bar ta ta zaɓa. Idan ta zaɓi wankakken, kuɗinta ne, fuskarta ce. Amma aƙalla ka ba ta zaɓi. Wanda filta kaɗai ya iya ba shi da na biyun da zai nuna, shi ya sa yake fakewa da kwastoma.

Akwai kuma lissafin kasuwa a ciki. Abin da kowa zai iya yi da dannawa ɗaya ba shi da farashi. Ƙanwar amarya ma tana da Snapchat, me zai sa a biya ka? Abin da ake biya shi ne abin da ba kowa ya iya ba.

To me ya kamata a koya? A ganina kafin mutum ya taɓa kowace irin ƙawa, ya fara zama da abubuwa uku: yawan haske, bambancin haske da duhu, da daidaiton launi. Na ukun shi ne ke sa farar riga ta fito fara, ba ruwan ɗorawa ba kamar yadda ƙwan lantarki ke mayar da ita, ba shuɗi-shuɗi ba kamar yadda take fitowa a ƙarƙashin fitilar sola. Sai ya koyi karanta ɗan jadawalin nan mai kama da tsaunuka da ake kira histogiram, wanda ke nuna maka inda ɗigogin hotonka suka taru. Idan ka ga sun cunkushe a bangon dama, to ka san wani ɓangare na hoton ya kai 255, ya ƙone, kuma abin da ya ƙone babu manhajar da za ta dawo da ainihinsa. Bayan nan sai leya da maski, waɗanda su ne ƙashin bayan aikin gaba ɗaya. Leya kamar ka ɗora farar leda ce a kan hoto kana zane a kanta, idan ka ɓata sai ka yaye ta, hoton asali na nan lafiya. Maski kuma shi ke ba ka damar cewa gyaran nan fuska kaɗai zai taɓa, ban da hula, ban da bango. Wanda ya riƙe waɗannan, duk wata filta da ya gani zai iya warware ta ya gane yadda aka haɗa ta, har ma ya haɗa tasa wadda ta dace da ranarmu da fatarmu.

Kuma ba sai kana da kwamfuta ba. Photoshop, wanda ya fara fita kasuwa a 1990, har yanzu shi ne uban tafiya, CorelDRAW kuma shi masu maɗaba'a suka fi sabawa da shi. Amma Snapseed kyauta ne a waya kuma yana da yawancin abin da na lissafa, Lightroom na waya ma akwai abubuwa da dama da yake bayarwa ba tare da biya ba. Mai kwamfutar da ba shi da kuɗin lasisi ga GIMP nan, kyauta. Canva da PixelLab da muke ta yayi suna da amfaninsu wajen tsara rubutu da fasta, sai dai su ma an mayar da su wajen zuba ƙawa ba ƙaƙƙautawa.

Maganar fasta ta tuna min da wani ciwon. Ka duba katin gayyatar da ake turowa a guruf: wuta na ci a gefe, taurari na zuba daga sama, sunan ango da launi bakwai da inuwa uku, furanni sun kewaye ko'ina, sai ka nemi ranar ɗaurin auren da wurin ka rasa. Aikin kati fa shi ne ya gaya wa mutum yaushe, a ina. Ga kuma matsalar haruffanmu masu ƙugiya. Yawancin salon rubutun ƙawa da muke saukewa ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai ka ga an buga "daurin aure", ko kuma wani ɗan akwati ya fito a inda harafin ya kamata ya zauna. Mai gyaran da ya san aikinsa yana gwada salon rubutu da waɗannan haruffan kafin ya zaɓe shi. Sannan abin da ka gani a allo ba shi zai fito a takarda ba. Allo da haske yake aiki, injin bugawa kuma da tawada kala huɗu, kuma shi ba ya zuba farar tawada, farin takardar yake bari. Don haka goshin da ka wanke har ya ƙone, idan bana ta dawo daga Kano za ka tarar babu komai a wurin sai farin leda, ido biyu da baki suna yawo a fili. Ƙaramin abu kuma da ke ɓata aiki da yawa: hoton da aka turo ta WhatsApp yadda aka saba an matse shi, ingancinsa ya ragu. A ce wa kwastoma ya turo shi a matsayin fayil, sai ya iso da cikakken nauyinsa.

Abin da ya fi damuna a 'yan kwanakin nan shi ne manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su Remini, da yadda muke zuba musu tsofaffin hotunan iyaye da kakanni. Mutane suna ɗauka manhajar tana tono abin da ya ɓoye ne a cikin dusasshen hoto. Ba haka take aiki ba. Tana cike gurbin ne da hasashe, daga dubban fuskokin da aka horar da ita da su. Sai ka ga hoton kakanka da aka ɗauka a situdiyo a Kazaure shekaru arba'in da suka wuce ya fito tar, amma hancin ba nasa ba ne, tsagen da ke kumatunsa an share shi an ɗauka tabo ne, fatar ta yi haske. Jikokin da ba su riske shi ba wannan baƙon za su riƙe a matsayin kakansu. Wanda zai yi irin wannan gyaran, don Allah ya ajiye na asalin a wuri na daban, kuma ya faɗa wa 'yan uwa cewa wannan gyararre ne. Duk mai shakkar cewa baƙar fata na iya fitowa da kwarjini ba tare da an taɓa ta ba, ya nemi hotunan Malick Sidibé, mai ɗaukar hoton nan na Bamako da ya rasu a 2016. Samari da 'yan matan Mali ya ɗauka, a baƙi da fari, kuma da su ya ci babbar lambar yabo ta baje kolin fasaha na birnin Venice a 2007.

A ɓangarenmu na 'yan jarida kuwa, layin a ja yake. Ana yarda ka gyara haske, ka daidaita launi, ka yanke gefe, amma ba a yarda ka ƙara abin da babu ko ka cire abin da ke akwai ba. A 2006 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya raba gari da wani mai ɗaukar hoto, Adnan Hajj, bayan an gano ya ƙara hayaƙi a hoton harin da aka kai Beirut, ya kuma janye hotunansa 920 daga rumbunsa. A watan Maris na 2024 manyan kamfanonin labarai suka janye hoton da fadar Ingila da kanta ta fitar na Gimbiya Kate da 'ya'yanta, saboda sun ga alamun an taɓa shi. Faransa tun 2017, Norway kuma tun 2022, sun wajabta a sanya alama a hoton talla idan an sauya surar jikin wanda ke ciki. Mu nan zaɓen 2027 na ƙaratowa, kuma mun san wa za a nema: mu ne, masu waya da PixelLab. Za a kawo maka hoton taron da bai cika rumfa biyu ba a ce ka cika filin, za a kawo hoton rijiyar burtsatse ta wani gari a ce ka manna sunan Korayel ko Dabi. Gyara wa ɗan takara hula da haske a fasta aiki ne, a karɓi kuɗi a yi. Ninka jama'a ko ƙirƙiro aikin da ba a yi ba kuwa ƙarya ce, kuma mutanen ƙauyen da aka ce an yi wa rijiyar 'yan uwanka ne, su za su ci gaba da tura baro neman ruwa bayan an rantsar da mai gidan.

Abin da ya sa nake ganin yankinmu ba shi da uzuri shi ne, Kazaure ba baƙuwar kwamfuta ba ce. Ga kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya ta Hussaini Adamu, ga makarantar fasahar sadarwa da aka kafa tun zamanin Gwamna Saminu Turaki, wadda har yau mutane ke kira Informatics. Ɗaliban da suka fito daga Gwiwa da Roni da 'Yankwashi suna cikinsu, kuma duk hutu suna komawa gida. Ƙungiyoyin ɗalibanmu da ke shirya darasin hutu ga 'yan sakandare za su iya ware ko da kwana uku ne don wannan, a aji ɗaya na firamare, kowa da wayarsa. Jarrabawar ƙarshe ma ba ta buƙatar takarda. A tsayar da mutum uku a rana da azahar, baƙi da wankan tarwaɗa da fari, dukansu cikin fararen kaya, a ce kowane ɗalibi ya ɗauke su hoto ɗaya ya gyara. Sai a kira iyayen mutum ukun nan mata, a miƙa musu wayar, a tambayi kowacce ko wannan ɗanta ne.